Tagogin da na ciro daga Jamestown

Shekara goma sha tara ke nan ina aikin alminiyam da gilashi. Shagona yana bakin Sabon Zango, ta gefen da ke kallon Abossey Okai, inda hayaniyar masu sayar da kayan gyaran mota ba ta yankewa daga hantsi har magariba. Taga, ƙofa, kantar shago, gilashin gaban bene, duk muna yi, ni da yara huɗu da ke koyon aiki a hannuna. Da wannan sana'a na yi aure, da ita nake ciyar da gida, alhamdu lillahi. Na fara da faɗin haka ne saboda maganar da ke tafe ta shafi aikin hannuna, kada wani ya zaci daga nesa nake jifa.

A watan Maris na bara, lokacin da zafin Ankara ke kan ganiyarsa, aka kira ni aiki a Jamestown. Masu karatu na Najeriya da Nijar, Ankara ita ce Accra a bakin mutanen zango, ba ta Turkiyya nake nufi ba. Tsohon bene ne a wani lungu da ke gangarowa daga High Street. Ɗan mai gidan ya dawo daga Ingila yana so ya gyara wa mahaifiyarsa wurin zama, kuma abin da ya fara tsaya masa a rai shi ne tagogin katako guda takwas da ke sama. Ya ce a cire su a sa silaidin mai duhun gilashi, irin wanda ake yayi.

Da na hau yin awo, na daɗe ban zaro tef daga aljihu ba. Ƙasan gidan dutse ne, kaurin bangonsa ya ɗara kamu guda. Saman kuwa katako ne tun daga daɓe har silin, kuma silin ɗin ya yi nisan da sai da tsani hannu ke kai masa. Rufin ya zarce bango sosai, ya yi wa baranda inuwa, barandar ita ma ta yi wa ɗakuna inuwa. Tagogin na odum ne, itacen da Hausawan gida ke kira loko. Kowace taga ganye biyu gare ta, a jikin kowane ganye an jera siraran katakai a karkace, da sanda ɗaya a tsakiya wadda in ka ɗaga ta duk su buɗe, in ka sauke ta duk su rufe. Na duba mahaɗan katakon ban ga ƙusa ko ɗaya ba, an fafe wannan an zura wancan ne kawai. Hinjinansu na tagulla ne, sun yi kore amma ba su cinye ba. Sannan kowace tagar kudu tana da 'yar'uwarta a bangon arewa, suna fuskantar juna. Ƙarfe biyu na rana ne, babu fanka, amma rigata tana kaɗawa.

Kwana uku muka yi muka gama. Aikin ya yi kyau, ba na rage masa komai, kuma mai aikin ya biya ba tare da jan rai ba. Muna haɗa kaya sai tsohuwar ta shigo tana dogara sanda. Ta yi shekaru tana sayar da kifi a kasuwa, don haka tana jin Hausa kamar yawancin matan kasuwar garin nan. Ta ja gilashin gefe, ta tsaya jim, ta mayar da shi ɗaya gefen, sannan ta juyo ta ce mini, "Masta, ka toshe wa gidana hanci."

Ban sami abin ce mata ba, domin na san gaskiyarta. Tagar silaidin komai faɗinta rabi take buɗewa, ɗaya gilashin dole ya ɓuya a bayan ɗaya. Wanda ya cire tagar da ke buɗewa gaba ɗaya ya sa silaidin, ya yanke wa ɗakinsa rabin iska tun kafin a yi maganar labule da ragar sauro. Gilashi kuma yana barin zafin rana ya shigo, ba ya barinsa ya fita da sauƙi. Tsohuwar tagar kuwa, ko ana ruwa kana iya karkata katakanta, feshi ya tsaya waje, iska ta wuce, na kan titi bai gan ka ba. Yawancin shekara iskar garin nan daga kudu maso yamma take busowa, daga kan teku. Wanda ya gina gidan ya san haka, shi ya sa ya buɗe mata ƙofar shiga ya kuma buɗe mata ta fita. Ya san kuma da tsakar rana ta nan kusan a tsakiyar ka take tsayawa, don haka rufi mai faɗin baki ya isa ya kare bango, abin da ya rage shi ne a yi hattara da gabas da yamma. Har gishirin teku ya yi wa lissafi, ya guji baƙin ƙarfe. Duk wanda ya taɓa ganin ginshiƙin kankare ya tsage a Chorkor ko Osu, rodi ya kumbura da tsatsa ya turo siminti waje, ya san abin da iskar bakin teku ke yi wa ƙarfe.

Ba ina cewa alminiyam ba shi da rana ba. Gara ba ta cin sa, ba ya neman fenti, yana tare ƙurar hunturu da ƙarar titi, kuma odum mai kyau yanzu ya yi tsada ya yi wuyar samu. Masu sa shi suna da hujjarsu. Amma ni da nake sa shi ban taɓa tsayawa na tambayi mai gida ta ina iska ke shigo masa ba, sai ranar nan.

Za a tara tagogin ne a bai wa masu ƙyafe kifi su hura wuta. Na roƙi a sayar mini. Tsohuwar ta ce ba za ta karɓi ko sisi ba, in dai ba ƙonawa zan yi ba.

Kafin motar kaya ta zo na zauna a barandar ina kallon gari. Ga hasumiyar nan mai ja da fari da ke haska wa jiragen ruwa, wadda aka gina a shekarun 1930 a madadin ta farko ta 1871. Kusa da ita sansanin James ne, na Turawan Ingila, tun 1673. Tafiyar 'yan mintuna a ƙafa ta gabas sai sansanin Ussher, wanda mutanen Holan suka gina a 1649. Can gaba kuma fadar Osu ta mutanen Denmak, wadda wani jarumin Akwamu mai suna Asameni ya ƙwace da dabara a 1693, daga baya ya sayar musu da abinsu amma ya riƙe makullan, har yau suna hannun masarautar Akwamu. A gindin waɗannan gine-gine uku garuruwan mutanen Ga suka bunƙasa har suka haɗe, kuma a 1877 Turawa suka ɗauke hedkwatarsu daga Cape Coast suka dawo da ita nan. A cikin sansanin James aka tsare Kwame Nkrumah, yana ciki ya ci zaɓen 1951, kuma wurin bai daina zama kurkuku ba sai 2008. Tun 1979 UNESCO ta sa sansanonin bakin tekun Ghana cikin kayan tarihin duniya.

Ba na iya kallon waɗannan bangaye da sanyin zuciya. Ta cikinsu aka fitar da bayin Allah zuwa ƙetaren teku, da yawansu mutanen arewa ne. Kasuwar da tsohuwar nan ta yi zaman sayar da kifi sunanta Salaga, sunan da ba baƙo ba ne a kunnen Bahaushe, domin a Salagar Gwanja kakanninmu ke sayen goro, kuma a can ɗin ma an yi cinikin mutane. Wasu daga cikin waɗanda aka tafi da su jikokinsu sun dawo. Mutanen Tabom ke nan, da suka sauka daga Birazil a shekarun 1830, cikinsu har da Musulmi, suka zo da sana'ar ɗinki da gini da haƙar rijiya. Gidansu yana nan a Brazil Lane, an gyara shi, har shugaban Birazil Lula ya ziyarci jama'ar a 2005.

Irin benen da na yi aiki a ciki na 'yan kasuwa ne: ƙasa sito da kanti, sama wurin kwana. A zamaninsa manyan jirage a nesa suke tsayawa, matuƙa su ɗauki buhunan koko a ƙananan jirage su keta igiyar ruwa su kai musu. Da aka buɗe tashar jiragen ruwa ta Tema a 1962 sai ciniki ya bi ta can, kuɗi ya bar Jamestown. Talaucin da ya hana a gyara gidajen shi ne kuma ya hana a rushe su. Yanzu ga sabuwar tashar masunta da aka gina da kuɗin Chana aka buɗe a 2024, ga bikin zane-zane na Chale Wote da ya fara tara jama'a a nan a 2011, ido ya fara dawowa kan unguwar. Ina yi musu murna, ina kuma jin tsoro, domin a garin nan duk inda kuɗi ya leƙa, katafila ce ke biye da shi.

Na ga hakan a Ridge da Cantonments. Gidajen ma'aikatan Turawa ne a can, a kan ginshiƙai, iska na bi ta ƙarƙashinsu, baranda ta zagaye su, manyan itatuwa sun lulluɓe su. Ba don ƙaunarmu suka gina ba, gudun zama kusa da baƙar fata ne ya kai su can, wannan ba ɓoyayyen abu ba ne. Amma ginin ya dace da ƙasar. Ɗaya bayan ɗaya ake ture su, a sare itatuwan, a dasa benayen haya da ake faɗin kuɗinsu da dala. Bayan su, magina na zamanin samun 'yanci su ma ba su yi faɗa da rana ba. Ku je ku dubi gidan tarihi na ƙasa da aka buɗe a watan Maris na 1957, ko Community Centre da Maxwell Fry da Jane Drew suka zana. Kankare ne, zamani ne, amma akwai inuwa akwai mashigar iska. Makarantar firamaren da na yi, bango guda na ajinmu duk bulo mai huda ne, mu sittin a ciki, ban tuna ranar da zafi ya kore mu waje ba. Wannan bulon yanzu sai ka yi yawo kafin ka sami mai buga shi, wai ya zama tsohon yayi.

A Airport City kuwa na yi aiki da hannuna, a ƙarƙashin wani ɗan kwangila, a wani dogon bene da ba zan ambaci sunansa ba. Gilashi ne daga ƙasa har sama, ta kowace fuska, har da yamma inda ranar la'asar ke dukansa kai tsaye, kuma babu taga ɗaya da ke buɗewa. A 2015 ne, lokacin da ɗauke wuta ya yi tsanani, abin da muke kira dumso. Ranar da janareta ya tsaya muna hawa na tara, ba mu yi rabin awa ba muka sauko, gumi har cikin takalmi. Gini ne da ba ya rayuwa sai da wutar lantarki, kamar marar lafiyar da aka ɗora wa na'urar numfashi. Ba duka ne haka ba, in faɗi gaskiya. One Airport Square an kewaye shi da ƙashin kankare ta waje, kowane hawa ya zarto ya yi wa na ƙasansa inuwa, kuma duk sanda na wuce a trotro, motar hayar garin nan, sai na ɗaga kai. Dogon benen Villaggio mai launin kente shi ma aƙalla ya san a wace ƙasa yake tsaye. Tsawo ba laifi ba ne. Ƙidayar 2021 ta nuna mutum ya haura miliyan biyar a yankin Greater Accra, dole a hau sama, in ba haka ba gari ya yi ta cin daji har Kasoa da Amasaman, mutane su ƙare rayuwarsu a cunkoson mota.

Ruwa ma mun manta da shi kamar yadda muka manta da iska. Kowa ya gina gida sai ya malale tsakar gidan da siminti ko tayil, ƙasa ba ta samun inda za ta sha, duk ruwan ya kwarara kwata, kwatar kuma cike da leda. Daren 3 ga Yuni 2015 kogin Odaw ya cika ya tumbatsa, wuta ta tashi a gidan mai a Circle inda mutane suka fake, fiye da mutum 150 suka rasu. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Ni a kan teburin shago na kwana a daren, ruwa na yawo da guntayen alminiyam a ƙarƙashina.

To, na kawo tagogin nan shago na jingine su a bango, kullum ina ganinsu. Su ne suka sa na koma na dubi gidanmu da sabon ido.

Sabon Zango Malam Bako ne ya kafa ta wajen 1912. Ɗan Malam Na'ino ne, ɗaya daga cikin malaman Hausawa na farko da suka zauna a tsakiyar gari, wajen da ake kira Zongo Lane. Da wuri ya yi ƙunci, rigingimu suka yi yawa, sai ya nemi fili a hannun sarakunan Ga a hayin tafkin Korle, ya yanka wa jama'arsa. Kakanmu ya zo bayan haka, daga ƙasar Kano, ya biyo fatauci ta Kumasi, ya sauko bayan da layin dogo ya haɗa Kumasi da Ankara a 1923. Da laka ya gina gidan, daga baya aka shafe shi da siminti aka buga kwano. Fasalinsa na gidan Bahaushe ne sak: zaure a bakin hanya, ka ratsa shi ka karkata kafin ka faɗa tsakar gida, don kada idon mai wucewa ya kai kan mata. Ɗakuna goma sha ɗaya a kewaye, bishiyar dogon yaro a tsakiya, madafa a kusurwa.

Zauren nan shi ne ya yi mu. Da asuba da bayan la'asar makarantar allo ce, a nan na yi tun daga babbaƙu har na sauke. A nan ake ɗaurin aure, a nan ake raɗin suna, a nan ake zaman makoki. In miji da mata sun saɓa, ko mai haya da mai haya, a nan ake sasanta su. Sama da duka, masaukin baƙi ne. Kaka maigida ne irin na da: falke ya sauka da kayansa daga Sakkwato ko Yamai bai san kowa ba, a shimfiɗa masa tabarma, a kawo masa tuwo, a ajiye masa kuɗinsa, a haɗa shi da mai saye. Kalmar zango kanta ma'anarta ke nan, inda ayari ke yada kaya ya huta. Ina yaro na sha tashi da safe in tarar da baƙuwar fuska tana alwala a ƙofar gida, kuma ba a tambayar mutum yaushe zai tafi. Akwai manyan 'yan kasuwa a garin nan da kakanninsu a wannan tabarmar suka yi kwanan farko.

Yau ɗakunan gidan ashirin da uku ne. Duk wanda ya yi aure sai ya ciji tsakar gida ya ƙara ciki da falo. Dogon yaron an sare shi tun ina saurayi. Filin da muke buga ƙwallo a ciki ya koma lungun da mutum biyu ba sa wucewa a jere sai ɗaya ya karkace. Ɗakunan baya ba sa ganin rana, ba sa samun iska, kuma tagoginsu, ni na sa musu silaidin da hannuna. Haka abin yake a Nima da Mamobi da sauran zangunanmu. Mu ba katafila ce ke cinye mana gidaje ba, gado ne da ƙuncin wuri ke cinsu a hankali, ɗaki bayan ɗaki, har a wayi gari babu wanda zai iya nuna yadda asalin gidan yake.

Abin da ke ci mini rai shi ne ba ma lissafa irin wannan gida cikin abin tarihi. In an ce tarihi sai hankalinmu ya tafi sansanin Bature, ko Dandalin Baƙar Tauraruwa da aka kammala a 1961, ko masallacin Larabanga can arewa. Tsohon babban masallacin Juma'a da ke kusa da Makola ya tafi, aka koma Abossey Okai, kuma yau sai dai dattawa su kwatanta maka shi da baki. Masallacin ƙasa da ke Kanda, wanda Turkawa suka gina aka buɗe a watan Yulin 2021, na yi salla a cikinsa, na ɗaga kai na kalli ƙubbarsa har idona ya kawo ruwa. Abin alfahari ne ga Musulmin ƙasar nan. Sai dai fasalinsa na Istanbul ne. Jikana in ya tambaye ni yadda Hausawan Ankara suka yi gini da suka zo, ba can zan kai shi ba. Zaure zan nuna masa, in ya rage.

Saura kaɗan namu ya tafi. Bayan rasuwar Baffa, wanda shi ne ya rage cikin 'ya'yan Kaka maza, wani mai kuɗi ya aiko da tayi: zai rushe gaban gidan har da zauren, ya gina bene hawa uku, shaguna a ƙasa, ya ci haya shekara ashirin, sannan ya mayar mana. Irin wannan ciniki ya zama ruwan dare a garin nan. Aka kira taron magada bayan sallar isha'i, mu fiye da talatin, a cikin zauren da ake maganar rushewa.

Yayana shi ya tsaya wa tayin, kuma ba zan ce bai da gaskiya ba. Ya ce gida mai mutum sama da saba'in babu bayan gida ko ɗaya, matanmu da 'ya'yanmu mata suna bin layi a na haya tun duhun asuba da kuɗi a hannu. Ya ce bangon lakar yana shan ruwa duk damina. Ya ce samarin gidan ba su da ɗaki, in sun fita neman haya a nemi kuɗin shekara biyu a dunƙule, alhali doka wata shida ta ce. Ya ce fatake sun daina zuwa, masu albasa ma tun da aka tashe su daga Agbogbloshie a 2021 aka kai su Adjen Kotoku ba su biyo ta nan ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma shi a gidan yake kwana, ni kuwa na koma Fadama da iyalina.

Goggo ce kaɗai ta rage a 'ya'yan Kaka. Tana zaune a kan kujerar tsugunno ta bakin ƙofar ciki, ba ta ce uffan ba sai da kowa ya gama. Sunan mahaifinta gare ni, don haka ba ta kiran sunana. Ta ce, "Babana, kai ne mai aikin gini a cikinsu. In an rushe nan, ranar da na mutu a ina maza za su zauna?"

Na ce, "Goggo, Allah ya ƙara miki lafiya da nisan kwana. Sai dai a kafa rumfa a titi."

Ta ce, "To ni ba a titi aka karɓi gaisuwar ubana ba."

Aka yi tsit. Daga nan na nemi izini na faɗi abin da ke raina, na ba su labarin tsohuwar Jamestown da hancin gidanta. Na ce Yaya ya yi gaskiya a kan bayan gida, shi ya kamata mu fara yi tun kafin komai. Na ce a yi shaguna, amma a gefen gabas inda tsohon sito yake, mu gina da kuɗinmu ko da bulo ɗari-ɗari ne, kada mu ba wani gaban gidanmu shekara ashirin, domin yawancinmu da ke zaune a nan ba mu da tabbacin ganin ranar mayarwa. In an tashi hawa sama, a bar tsakiya a buɗe, kowane ɗaki ya sami taga biyu masu fuskantar juna. Zaure kuwa a ɗaure masa gindi da kankare, a canza kwanon, a bar shi yadda yake.

Ba a daren aka gama ba. Sai da aka yi zama huɗu, aka ɓata rai, wani ɗan'uwanmu har yau gaisuwa ce kawai tsakanina da shi, kuma abin yana damuna. A ƙarshe aka mayar wa mai kuɗin tayinsa. 'Yan'uwa da ke Jamus da Amurka suka turo abin da ya sawwaƙa, muka rushe ɗakuna biyu da suka fi toshe tsakar gida bayan an sama wa masu su wani wuri, muka gina bayan gida huɗu da wurin wanka. Shagunan sun kai linta, sun tsaya jiran kuɗi.

Zauren da ƙananan tagogi biyu yake, can sama kusa da rufi. Na sa birkila ya faɗaɗa su, ɗaya a bangon kudu ɗaya a na arewa, na kawo biyu daga cikin tagogin Jamestown. Sati guda yarana suka yi suna kankare tsohon fenti, hawa bakwai muka ƙirga kafin mu kai ga itacen, da muka kai kuwa sai ga shi lafiya lau, ruwan zuma, ko huda ɗaya ta gara babu. Ƙaramin cikinsu ya tambaye ni, "Masta, wannan wace na'ura ce ta yanka shi?" Na ce masa hannu ne da kurfi. Siraran katakai uku sun karye, na yi yawo a Timber Market har na sami wani dattijon kafinta da ya gane aikin da kallo ɗaya, ya sassaƙa mini madadinsu. Ya ce rabon da a kawo masa irin wannan tun yana yaron shago. Na roƙe shi ya riƙa karɓar yaron nan nawa duk ranar Asabar, ya yarda.

Sauran shida suna shago. Na auna su, na zana, ina gwada yin irinsu da alminiyam, ganye mai buɗewa gaba ɗaya da sirara masu karkata da raga a ciki. Na farkon ya yi nauyi, na biyun yana ƙara in iska ta buga, ina kan na uku. Duk wanda ya zo yanzu ya ce silaidin yake so, ina yi masa, amma sai na fara zuwa gidan na tsaya a ɗakin na ga ta inda iska ke shigowa, na gaya masa abin da zai samu da abin da zai rasa.

Ina da roƙo ga 'yan zango da ke karanta wannan, na Ankara da na Kumasi. In gidanku yana da zaure, ko tsohuwar ƙofa, ko taga irin wannan, ku ɗauki hotonsu da waya, ku auna tsawo da faɗi, ku zaunar da tsohon da ya rage ya faɗa muku wanda ya gina da shekarar da aka gina, ku naɗi muryarsa. In kuma rushewar ta zama dole, kada ku bari katakon ya shiga murhu, ku neme ni a bakin Sabon Zango, zan zo da mota.

Ranar Juma'ar da ta wuce na koma Jamestown da hoton zauren a wayata. Na tarar da tsohuwar a baranda, ta fito da katifarta nan, ta ce a nan take kwana yanzu. Ta riƙe wayar kusa da idonta ta daɗe tana kallo, ta sa yatsa a kan tagar kudu, ta ce wannan ta ɗakin mahaifiyarta ce, ta gane ta da tabon da ke ƙasan ganyen hagu. Na yi mata alkawarin ranar Lahadi zan zo da tasi in kai ta ta gani da idonta, kuma Goggo ta ce za ta dama mata fura.